Darasi na 14: Idan Birki Ya Ƙi Bayan An Sa Wa Tsohuwar Mota Faifai

An cire wa tsohuwar mota birkin diram na gaba, an ɗaura mata na faifai sabo fil daga kwali. An sauke ta daga jak, an taka feda, sai ta zarce har ƙasa. Ko kuwa birkin ya kama da kyau a cikin gareji, amma kafin a yi nisa tayoyin gaba sun ɗau zafi, motar ta cije ta ƙi tafiya. A nan ne bakanike kan ce kayan jabu ne, mai mota kuma ya ce bakanike ne bai iya ba. Galibi duk su biyun ba su gano ba. Sababbin kayan lafiyarsu ƙalau, tsofaffin da aka bari a jikin motar su ma suna yin aikin da aka ƙera su dominsa. Jituwa ce babu tsakaninsu.

A wannan darasi za ka koyi bin sawun laifin ta hanyar abin da feda ke gaya wa ƙafarka, tun kafin ka sake tura yaro kasuwa. An ɗauka ka riga ka iya cire iska daga birki da canza fad, kamar yadda aka koyar a darussan baya.

Dalilin canjin

Birkin faifai ya girmi yawancin motocin da ake sa wa shi yau. Frederick Lanchester ya yi rajistar irinsa a Birmingham ta Ingila a 1902, sai dai bai samu karɓuwa ba sai da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1953 da faifan kamfanin Dunlop. Citroën DS ta fito da shi a 1955. Motocin talakawa kuwa sun daɗe a kan diram. Volkswagen Beetle ba ta samu faifai a gaba ba sai 1966, shi ma a samfurin 1500 na kasuwar Turai. Mafi yawan Beetle da aka ƙera diram ne a tayoyi huɗu. Land Rover Series III haka ta ƙare da diram a 1985. Ford Mustang ta 1965 sai mai saye ya ƙara kuɗi kafin a sa masa faifai. Shi ya sa a Amurka da Ingila da Jamus ake da kamfanonin da sana'arsu ita ce haɗa kayan canji na irin waɗannan motoci, kuma daga can kayan ke zuwa hannun masu farfaɗo da tsofaffin motoci a ko'ina. Mu ma ba baƙi ba ne ga Beetle, tun da an fara haɗa ta a Legas a 1975, ga kuma tsofaffin Land Rover da ke jibge a bayan gidaje da garejoji.

Abin da ke sa mutane canji ba ɓoyayye ba ne. Diram rufaffe ne, yana tara zafi, kuma idan ya yi zafi yakan buɗe ya nisanci lainin, sai feda ta yi nisa daidai lokacin da ake gangara tudu. Idan an ratsa ruwa yakan jima bai bushe ba. Ga shi kullum yana son a ɗaure shi. Faifai a fili yake, iska na dukansa, yana kuma daidaita kansa.

Abin da tsohuwar masta ta saba da shi

Duk wanda bai riƙe wannan sashe ba zai yi ta lalube ne a sauran.

A cikin diram akwai sifirin masu ƙarfi da ke janye lainin da zarar an ɗage ƙafa. Saboda ƙarfinsu, masu ƙera mota kan sa wani ɗan bawul a bakin masta (silindar da feda ke tura mai daga cikinta) wanda ke tsare ɗan matsi a cikin bututu ko da ba a taka birki ba, kimanin psi 10, wato bar 0.7. Amfaninsa shi ne ya riƙe leɓen robar ƙaramar silinda ta cikin diram a manne, kada iska ta kutsa. Wannan ɗan matsi bai isa ya rinjayi sifirin ba, don haka lainin ba ya taɓa diram.

Kalifa kuwa, wato ƙarfen da ke rungume da faifai, ba ta da irin wannan sifirin. Abin da ke mayar da fistan ɗinta baya roba ce guda mai kusurwa huɗu da ke zagaye da shi. Tana ɗan lanƙwashewa idan ya fita, ta miƙe idan matsi ya sauka, ta jawo shi ƙasa da rabin milimita. Iyakar ƙarfinta ke nan. Ka bar mata psi 10 a bayan fistan, ba za ta iya ba, fad zai zauna yana gugar faifai.

Bambanci na biyu shi ne ƙarfi. Juyawar diram da kanta tana jan lainin tana ƙara cusa shi, don haka diram na taimakon ƙafar direba. Faifai ba ya taimakon kowa. Abin da ka matsa shi za ka samu. Yana bukatar matsi mai yawa, wajen bar 60 zuwa 80 idan an yi tsayawar gaggawa. Na uku kuma yawan mai. Fistan ɗin silindar diram ta gaba a Beetle bai wuce milimita 22 da ɗoriya ba, na kalifa kuwa yakan kai 40 ko fiye, kuma yayin da fad ke cinyewa fistan na ƙara fitowa, mai na bin bayansa ya zauna can. Ƙaramin kofin mai na tsohuwar masta zai iya ƙafewa alhali babu yoyo ko ɗigo.

Feda ta yi ƙasa

Wannan ita ce ƙarar da aka fi kawowa, kuma a kanta ake asarar man birki galan-galan a banza.

Kafin ka ɗauki sifana, durƙusa ka dubi nipul ɗin cire iska na kowace kalifa. Yana sama ko yana ƙasa? Kalifar hagu da ta dama a motoci da yawa suna shiga mazaunin juna ba tare da gardama ba, kusoshi su ɗauru, tiyo ya kai. Amma idan an musanya su nipul zai koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa. Ko za ka wuni kana famfo, mai zai yi ta fita tas babu kumfa, iskar na nan zaune a saman fistan. Wannan kuskure ya kayar da manyan kanikawa, ba yara kaɗai ba. Maganinsa musanya su. Idan kuma ƙarfen da aka ɗaura kalifar a kansa ne ya karkatar da ita har nipul bai zama ƙololuwa ba, sai ka kwance ta, ka sa guntun katako mai kaurin faifai tsakanin fad biyu, ka riƙe ta yadda nipul zai kalli sama sosai, a cire iskar, sannan ka mayar.

Idan nipul na inda ya dace, zauna ka taka. Feda mai ƙasa iri uku ce, kuma kowace da inda take nunawa.

Akwai mai laushi, wadda ko ta kai ƙarshe ba ka jin ta dira a kan abu mai tauri. Wannan iska ce, ko tsohon tiyo da ke kumbura. Akwai mai nisa amma idan ta kai sai ta tsaya ƙyam. In ka yi famfo sau biyu ta hau sama, in ka saki na ɗan lokaci ta koma nisanta. Wannan ba iska ba ce, rata ce a wani wuri da mai ke cikewa kafin birki ya fara kamawa. Sai ta uku, mai tauri da farko, amma idan ka ɗora ƙafa ka riƙe sai ta riƙa sulalewa a hankali har ƙasa. Wannan mai ne ke gudu, ko waje ko cikin masta.

Mu fara da ta biyu, don ita aka fi yi wa mummunar fahimta. Wanda ya sa faifai a gaba hankalinsa duk yana gaba, ya manta diram na baya na nan, kuma wataƙila an shekara ba a ɗaure shi ba. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: ja birkin hannu har ya fara kamawa, ka sake taka feda. Idan ta hau sama, laifin na baya ne. Ɗaure lainin har ya fara shafar diram. Idan ba ta canza ba, ɗaga gaba ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Boris mai sako-sako yana barin faifai ya yi rawa, rawar kuma ta tura fistan ciki, sai takun farko ya ƙare wajen dawo da shi. Alamar wannan ita ce feda ta yi kyau a tsaye, amma bayan an sha kwana sai ta faɗi. Haka faifan da bai zauna daidai a kan hob ba, saboda tsatsa ko ɗan datti a bayansa. Idan kana da agogon awo, kaucewarsa kada ta wuce milimita 0.1. Duba kuma ko kalifa na tsakiyar faifai kuma a miƙe. Sa wani ya taka kana kallo: in ka ga kalifa ko ƙarfen da ke riƙe da ita na motsi ko lanƙwasa, tafiyar fedarka can take zuwa. Ana gyara wannan da siraran washa a bayan kusoshi.

Idan duk wannan lafiya, sai a raba motar gida-gida. Kwance bututun da ke fita daga masta, ka toshe ramukan da kusoshin toshi masu tiredi irin nasu, ka taka a hankali. Masta mai lafiya wadda babu iska a cikinta za ta tsaya da tauri tun a sama, ta kuma riƙe. In ta yi laushi, akwai iska a cikinta. In ta sulale, robarta ta mutu, ko da jiya aka saye ta.

Iskar cikin masta na da taurin kai, musamman a motar da masta ke zaune a karkace, hanci sama. Shi ya sa ake cire mata iska a kan benci kafin a ɗaura: a kama ta a bais a kwance daidai, a sa gajerun bututu daga ramukanta su koma cikin kofinta, a cika mai, a riƙa tura fistan a hankali har kumfa ya ƙare. Wanda ya tsallake wannan mataki don sauri zai biya shi ninki.

Ita kuwa tsohuwar masta da ke sulalewa bayan canji, sau da yawa wajen cire iska aka kashe ta. Shekara da shekaru fistan ɗinta na kai-komo a ɗan gajeren wuri, can gaba kuwa tsatsa da datti sun taru. Ranar da aka buɗe nipul, yaro ya taka feda har ƙasa, roba ta bi ta kan tsatsar ta yage. Sa guntun katako a ƙarƙashin feda yana hana wannan.

Masta ta ci jarrabawa? Mayar da bututu, cire iska, sannan ka matse tiyo na roba duka da abin matse tiyo mai santsin baki. Kada ka yi wannan da fulaya mai haƙora, kada kuma ka yi wa tiyo mai saƙar waya, za ka lalata shi. Feda za ta yi tauri. Sai ka riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya kana takawa. Wanda ka saki feda ta faɗi, a wannan taya matsalar take, ka huta da sauran ukun.

Saura yoyo, kuma a nan akwai tarkon da ya shafi canji kai tsaye. Motocin Amurka da tsofaffin na Ingila suna amfani da noti mai awon inci, 3/8 mai tiredi 24. Na Jamus da sauran masu awon mita kuwa M10×1. Kusancinsu ya yi yawa: na 3/8 yana shiga ramin M10 har ya yi kamar ya ɗauru. Zai riƙe a gareji, ya fice ranar da aka taka da ƙarfi. Bakin bututun ma iri biyu ne, akwai mai buɗaɗɗen baki da aka ninka ciki, akwai mai kumburarren kai, kuma kowanne da irin mazauninsa. Idan kayan canjin daga wata ƙasa suke motar kuma daga wata, gwada kowane noti da hannu. Wanda ya yi rawa a cikin rami ba nasa ba ne. Inda tiyo ke haɗuwa da kalifa da kusa mai rami, washar jan ƙarfe biyu ake sawa, sababbi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kada ka yi ƙoƙarin tsayar da yoyon birki da farin tef na masu famfo.

Birki ya kama ya ƙi saki

Mota ta tashi lafiya, bayan 'yan kilomitoci ta fara nauyi, feda ta ƙara hawa sama tana tauri, wari na tashi daga gaba. In aka bar ta ta huce sai ta saki. Direba zai ce aljanu. Kai ka san mai ne ya yi zafi ya kumbura bai samu hanyar komawa kofi ba.

A cikin masta akwai ɗan rami ƙarami ƙwarai da ke haɗa silinda da kofi, wanda ba ya buɗewa sai fistan ya koma baya gaba ɗaya. Idan sandar da ke tura fistan ta yi tsawo ko da kaɗan ne, roba za ta zauna a kan ramin. Wannan na yawan faruwa idan an canza masta ko an ƙara busta (abin da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi da zuƙar inji), domin zurfin gurbin sanda ba ɗaya ba ne a kowace masta. A Beetle ana son rata ta milimita 1 tsakanin sanda da fistan, wadda za ka ji ta a feda kamar wasan milimita 5 zuwa 7 kafin ta fara turi. Tsakanin sandar busta da masta kuwa wajen rabin milimita ake bari. Duba ma sifirin da ke dawo da feda, da maɓallin fitilar birki idan irin wanda feda ke dannawa ne. Wani lokaci shi ke hana ta dawowa.

Yi binciken tun birkin na kame, kafin ya huce, kuma ka fara daga sama. Sassauta notin da ke riƙe da masta a jikin busta ko jikin mota, ka ɗan jawo ta. In taya ta saki, sanda ce. In ba ta saki ba, ɗaure, ka ɗan buɗe bututun gaba a bakin masta. In mai ya yi tsartuwa taya ta saki, matsin daga masta yake, wato ko wancan bawul na diram yana nan, ko ɗan ramin ya toshe da datti. Bawul ɗin a masta da yawa yana bayan ɗan mazaunin tagulla da ke cikin ramin fita, a wasu Beetle kuma a waje yake ɗaure a bakin ramin. Dole a cire shi daga layin faifai, a bar na layin diram. Iyakar inda ake sa wa faifai irinsa shi ne motar da mastarta da kofinta ke ƙarƙashin daɓe, ƙasa da kalifa, inda mai kan gangaro baya. Nan ma na psi 2 ake sawa, ba na 10 ba.

In ka buɗe a masta taya ba ta saki ba, amma ka buɗe nipul ta saki, tiyo ne ya ruɓe ta ciki: mai na wucewa da ƙarfin ƙafa, ba ya iya dawowa. In ko nipul ɗin ma bai sake ta ba, matsalar ta bar hannun mai, ta koma ƙarfe: fistan ya cije, ko kalifa a karkace take, ko fad ya yi kauri, ko rim na gugar kalifa. Tsofaffin rim da aka yi don diram ba kowanne ke ba kalifa wuri ba.

Feda kamar dutse, mota ba ta tsayawa

A nan sai an ɗan yi lissafi, kuma lissafin zai saɓa wa abin da zuciya ke raya maka. Mutane da yawa na ganin babbar masta ita ce mai ƙarfi. Akasin haka ne.

Feda sanda ce mai ninka ƙarfi. A motar da ba ta da busta takan ninka wajen sau 6, a mai busta wajen sau 4. Ka ce direba ya taka da nauyin kilo 30. Sau 6, kilo 180 ke nan a kan fistan. Masta mai faɗin milimita 19.05 fuskar fistan ɗinta santimita murabba'i 2.85 ce, raba 180 da 2.85, ka samu kusan 63, wato wajen bar 62. Ya isa faifai. Yanzu ɗaura masta mai milimita 25.4, inci ɗaya, mai fuska 5.07: ƙafa ɗaya, feda ɗaya, amma matsin ya sauko 35 da rabi. In kuma fedar mai ninki 4 ce aka cire mata busta, 120 a raba da 5.07 bai kai 24 ba. Direba zai miƙe tsaye a kan feda motar na ci gaba da tafiya.

Babbar masta na tura mai da yawa da matsi kaɗan, feda ta zama gajeriya mai tauri. Ƙarama na ba da matsi mai yawa, feda ta yi nisa, in ta cika ƙanƙanta ta kai ƙasa kafin kalifa ta cika. Don haka wanda fedarsa ta yi ƙasa saboda iska ko diram na baya, ya ruga ya sayo babbar masta, gyaran gangar Auzinawa ya yi: feda ta hau, birki ya tafi. Masu haɗa kayan canji kan faɗi faɗin mastar da kalifarsu ke so a takardar da ke cikin kwali. A nemi takardar a karanta kafin a yi shara da ita.

In motar na da busta, gwada shi haka: inji a kashe, taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, riƙe ta, ka tayar da inji. Ya kamata ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, bi tiyon da ya taho daga manifol, ka duba ko ya tsage ko ya lanƙwashe, da ɗan bawul ɗin da ke bakin busta. Busta na son zuƙar inji ta kai wajen inci 16 zuwa 18 a agogon awo, tsohon injin da ya gaji ba lalle ya ba da haka ba.

Wani lokaci kuma matsi na nan, kamu ne babu. Sabon faifai na zuwa da man hana tsatsa a jikinsa. In ba a wanke ba fad zai sha shi. Fad da ya sha mai ko giris ba ya wankuwa, sai canji.

Baya ya riga gaba

Idan an taka birki da ƙarfi nauyin mota kan koma gaba, baya ya yi sako-sako. Faifai na son matsi mai yawa, diram na baya kuwa kaɗan ya ishe shi, don haka matsin da zai sa gaba ya kama sosai zai iya kulle baya. Tayoyin baya in suka kulle, mota juyawa take yi. Ana sa bawul mai rage matsi a layin baya, akwai ma irin wanda ake murɗawa a daidaita. Ba kowace mota ke bukatarsa ba: Beetle injinta a baya yake, nauyi na danne tayoyin, kuma masu faifai daga kamfani ba su zo da shi ba. A-kori-kura marar kaya kuwa ita ta fi kowa bukata.

Mota mai ja gefe guda, dubi ɗaya gefen: yawanci wanda ba ya kamawa ne mai laifi, ba wanda take ja zuwa gare shi ba.

A ra'ayina, duk wanda ya kai ga sa faifai ya kuma bar masta mai layi ɗaya bai gama aiki ba. A irin wannan masta tiyo guda in ya fashe, tayoyi huɗu sun tafi tare. Tun 1968 doka ta wajabta masta mai layi biyu a sababbin motocin Amurka saboda haka. 

Mai

Faifai na kai zafi ga mai fiye da yadda diram ke yi, domin fistan na manne da bayan fad. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyos, DOT 4 kuma 230. Amma man birki na shan danshin iska, kuma in ruwan cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 zai iya tafasa a 140, DOT 4 a 155. In ya tafasa ya zama tururi, feda ta faɗi ƙasa ba sallama, bayan an huce ta dawo kamar ba abin da ya faru. Duk birkin da ya ɓace a gangare ya dawo da kansa, a zubar da mansa gaba ɗaya, a kuma bincika ko yana guga.

DOT 3 da 4 da 5.1 suna haɗuwa. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, duk da kamar suna. Man inji, man giya, ko koren man Citroën, ɗigo kaɗan ya isa ya kumbura duk robar da ke layin. Ruwan sabulu da wasu direbobi ke ɗurawa in mai ya ƙare musu a hanya, a digiri 100 yake tafasa, ya kuma bar tsatsa a masta da kalifa. Kada ka karɓi man da aka tsiyayo daga buɗaɗɗiyar kwalba, musamman da damina.

Tun da za ka buɗe diram na baya: lainin na da yawanci akwai asbestos a cikinsa, ƙurarsa na lalata huhu. Kada ka hure ta da iska, jiƙa ta ka goge. Kada kuma ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kafin a ba mai mota makulli

Mota na kan ƙafafun ƙarfe, juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka ga ko tiyo na miƙewa ko yana taɓa taya. Mazaunin kalifa ba inda silindar diram take yake ba, tsohon tiyo kan gaza. Taka feda da iyakar ƙarfinka na rabin minti, ka bi kowace mahaɗa da busasshen yatsa. Sannan fili marar mutane, da tafiyar ƙafa tukuna, hannu a kan birkin hannu.

Sabon fad ba ya kamawa sosai sai ya saba da faifai. Kai motar wajen kilomita 60 a awa, rage zuwa 10 da matsakaicin taku, ba tare da tsayawa cik ba, kamar sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiya ba birki har ya huce. Daga nan gwada tsayawar gaggawa a kan tsakuwa ko ƙasa, wani na tsaye a gefe nesa yana kallon wace taya ke fara kullewa. Gaba ake so. Da ka dawo, kusantar da bayan hannunka ga kowane rim ba tare da taɓawa ba. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi yana guga. Sake duba kofin mai.

Aikin yi

1. An kawo maka Beetle da aka sa wa faifai a gaba. An cire iska sau uku, mai na fita ba kumfa, feda na nan da laushi. Me za ka fara dubawa kafin ka taɓa sifana, kuma me ya sa?

2. Wata mota fedarta na da nisa amma tana tsayawa da tauri. Da aka ja birkin hannu sai ta hau. Mai motar ya nace a sayo babbar masta. Rubuta abin da za ka gaya masa.

3. Tayar gaba ta dama kaɗai ke kamewa. An buɗe bututu a bakin masta ba ta saki ba, an buɗe nipul ta saki. Ina laifin yake?

4. Direba ya taka da kilo 30, feda na ninkawa sau 5, masta mai milimita 22.2 ce, fuskar fistan ɗinta santimita murabba'i 3.87, babu busta. Lissafa matsin. Ya isa faifai? In bai isa ba, kawo hanyoyi biyu na gyara, da abin da kowace za ta yi wa tafiyar feda.

5. Je garejin da ke kusa da ku, ka nemi izinin maigidan, ka auna wasan feda na motoci uku da rula, ka rubuta sunan kowace mota da abin da ka samu, ka zo da shi aji na gaba.